Shin Sabbin Sandunan Golf Masu "Yafe Kuskure" Suna Taimakon Matsakaicin Ɗan Wasa?

Duk lokacin da kamfanonin kayan wasan golf suka fito da sabbin sandunan ƙarfe, alkawarin nasu ba ya canzawa: ƙwallo za ta ƙara nisa, za ta ƙara tashi sama, kuma ko mutum bai same ta daidai ba, sandar za ta rufa masa asiri. Mai saye kan shiga shago da tsohuwar sandarsa mai lamba 7, ya yi bugu goma gaban na'urar auna bugu, a ce allon ya nuna masa yadi 135. Sai a miƙa masa sabuwa, ita ma mai lamba 7, ya buga, allon ya nuna 150. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, rana ɗaya. Da wuya ya fita shagon bai ji cewa ya tsinci dami a kala ba.

Amma bayan wata biyu ko uku, da yawa daga masu irin wannan ciniki sukan duba katin makinsu, inda ake rubuta yawan bugun da mutum ya yi kuma ake son ya ragu, su ga bai motsa ba. Daga nan gardama ta taso: wasu na cewa talla ce kawai, wasu na rantsuwa cewa sandunan sun sauya musu wasa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin abubuwa biyu ne daban ake sayarwa a cikin sanda ɗaya, wato nisa da rangwamen kuskure, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Sassan sanda da ire-irenta

Dokar wasan, wadda hukumar R&A ta Sikotland da hukumar USGA ta Amurka ke kula da ita, ta taƙaita ɗan wasa ga sanduna 14 a jakarsa. Kusan rabinsu na ƙarfe ne masu lamba, galibi daga 4 ko 5 zuwa 9, sai gajerun da ake kira wej. Da su ake kai ƙwallo kan girin, wato lallausan filin nan da rami yake a cikinsa.

Kowace sanda tana da ƙota da kai. A jikin kan akwai fuska, wadda ke dukan ƙwallo, da tafi, wanda ke shafar ƙasa. Ɓangaren da ke kusa da ƙota shi ne dunduniya, can ƙarshen kuma yatsa. Fuskar ba a tsaye take cak ba, a kishingiɗe take zuwa baya, kuma da digiri ake auna wannan kishingiɗa. Idan ta yi yawa ƙwallo takan tashi sama ta sauka kusa. Idan ta yi kaɗan sai ta tafi ƙasa-ƙasa ta yi nisa. Lambar da aka buga a tafin sanda suna ne kawai. Babu wata doka da ta ce dole mai lamba 7 ta kasance digiri kaza, kuma za a ga nauyin wannan magana nan gaba.

Sandar gargajiya, wadda 'yan wasa ke kira biled, ƙira ce: ana dukan ƙarfe mai laushi har ya ɗauki siffa, kan ya fito ƙarami, siriri, nauyinsa a dunƙule a bayan tsakiyar fuska. Wadda ake cewa mai yafiya ko mai inganta wasa ta saɓa da haka. Kanta babba ne, tafinta mai faɗi, bayanta a rarake ko cikinta holoƙo, an kwashe nauyin an kai shi gefe-gefe da ƙasa. A tsakanin waɗannan biyun akwai ajin da ya bunƙasa a 'yan shekarun nan, mai kamar biled a ido amma da kayan zamani a ciki, irin P790 da kamfanin TaylorMade ya fito da ita a 2017, wadda aka cika cikinta da wani kumfa.

Shi kuma matsakaicin ɗan wasa, ana gane shi ne ta handikaf, ma'aunin da ke nuna yawan bugun da mutum kan ɗora a kan abin da ƙwararre zai yi. Tsarin bai-ɗaya na duniya da aka fara a 2020 ya kai iyakarsa 54. A Amurka, matsakaicin maza masu rajista yana wajen 14, na mata kuma wajen 28. Waɗanda ba su da rajista, kuma su ne mafi yawa, galibi sun fi haka rauni.

Daga garejin Karsten Solheim

Tunanin bai fito daga wani gwanin golf ba. Karsten Solheim injiniya ne haifaffen Norwe da ke aiki a kamfanin General Electric, wanda ya fara wasan bayan ya manyanta, ya kuma ga yadda ƙaramin kuskure ke ɓata bugu. A 1959 ya soma haɗa sandar gangara ƙwallo cikin rami a garejin gidansa a Kalifoniya, ya raba nauyinta zuwa dunduniya da yatsa. Ƙarar da take yi ce ta ba kamfaninsa suna, Ping. Daga baya ya kai dabarar kan sandunan ƙarfe, ya kuma koma yin su ta hanyar zubi, wato a narka ƙarfe a zuba a mazubi, domin zubi na ba da damar siffar da ƙira ba ta iya fitarwa cikin sauƙi a wancan lokaci. Ping Eye2, wadda ta fito a 1982, ta zama sandar da ta fi kowace kasuwa a zamaninta, har da wasu ƙwararru suka riƙe ta. A 1994 Callaway ya zo da sandunan ƙarfe na Big Bertha masu ƙaton kai, daga nan hanya ta buɗe wa kowa.

Abin da aka ƙara tun daga lokacin shi ne kayan aiki: fuska siririya mai lanƙwasawa kaɗan ta dawo kamar danko, da kuma tungstin, wani ƙarfe da ya ninka ƙarfen sanda nauyi fiye da sau biyu, wanda ɗan guntunsa ke isa a ja nauyin kai zuwa duk inda ake so.

Me ke faruwa idan bugu ya kauce

Haɗuwar fuska da ƙwallo ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. A wannan ɗan ƙiftawar babu abin da hannu zai iya gyarawa, kan sandar ne kaɗai ke fuskantar ƙwallon da nauyinsa na kusan giram 270 a mai lamba 7. Idan ƙwallo ta faɗa daidai cibiyar fuska, inda nauyin ya daidaita, ƙarfin duka na wucewa cikinta ba asara. Idan ta faɗa wajen yatsa, kan sai ya murɗe, wani ɓangare na ƙarfin ya tafi a murɗawar.

A ɗauki sanda doguwa a riƙe ta a tsakiya. Idan an ɗaura mata nauyi a tsakiyar, da ɗan motsin hannu za ta juya. Idan aka raba nauyin nan biyu aka kai kowane baki, juya ta sai da ƙarfi. Wannan ita ce dabarar Solheim gaba ɗayanta. Kan da nauyinsa ke gefe-gefe ba ya saurin murɗewa, don haka ƙwallon da aka samu a yatsa ko a dunduniya ba ta rasa gudu da yawa.

A fili, ga yadda abin yake. Mutum na tsaye yadi 140 daga rami, akwai ramin yashi a gaban girin. Ya buga, ya ji sandar ta ɗan girgiza a tafin hannunsa, ya san a yatsa ya samu. Da biled ce a hannunsa, ƙwallon za ta gaza da tazarar da ta isa ta faɗa yashi, kuma matsakaicin ɗan wasa na iya cin bugu biyu kafin ya fito. Da mai yafiya ce, tana iya lallaɓawa ta sauka a bakin girin. Kuskuren ɗaya ne, hukuncin ne ya bambanta. Faffaɗan tafin ma yana da nasa aikin: idan sanda ta riga ƙwallo taɓa ƙasa da ɗan kaɗan, yakan zame a kan ciyawa maimakon ya nutse kamar fartanya.

Wannan fa'ida ba talla ba ce, lissafi ne da kowane injiniya zai tabbatar. Kuma ta fi amfanar wanda ba ya samun cibiya a kai a kai, wato mafi yawan masu wasan. Sai dai tana da iyaka. Inda fuska ta kalla a lokacin duka, can ƙwallo za ta nufa, kuma babu tungstin da zai daidaita fuskar da ta zo a karkace. Wanda ya caki ƙasa inci uku kafin ƙwallo, ko ya doke ta a ƙeya, sandar ba ta da abin da za ta yi masa. Yafiyar ta fi aiki a kan nisa, ta fi rauni a kan saiti.

Lambar da ke tafin sanda

A nan ne gizo ke saƙar. A shekarun 1970, wej ɗin da ke bin mai lamba 9 yana kishingiɗe da digiri 50 ko ma fiye. Yau, a jerin sanduna masu yafiya, ana samun sa a 41 zuwa 44. Mai lamba 7 ta gargajiya tana wajen digiri 34 ko 35, amma a sabbin masu yafiya ta koma 27 zuwa 30. Da yake tazarar da ke tsakanin sanda da mai bin ta kan kasance digiri 3 zuwa 4, sabuwar mai lamba 7 ta zama tsohuwar mai lamba 5 ko 6 da aka sauya wa suna. An kuma ƙara wa ƙota ɗan tsawo. Don haka yadi 15 ɗin nan da aka gani a shago, mafi yawansa daga nan ya fito. Tom Wishon, wani sanannen mai tsara sanduna a Amurka, ya daɗe yana kiran wannan abu cutar ɓacewar kishingiɗa.

Kamfanoni suna da amsarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce da aka saukar da nauyi zuwa tafi, aka kuma sa fuska mai lanƙwasawa, ƙwallo na tashi sama fiye da dā. Idan aka bar kishingiɗar yadda take, za ta yi ta hawa sama ta faɗo kusa, iska kuma ta yi wasa da ita. Saboda haka dole a miƙe fuskar domin ƙwallon ta bi hanyar da aka saba gani daga mai lamba 7. Ga mai ƙarfin bugu, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya: yakan sami tsayin da ya saba da shi, ga ƙarin nisa.

Masu suka na cewa wannan rabin labarin ne. Ƙwallon golf ba ta tsayawa a kan girin sai da abu biyu: jujjuyawar da take yi zuwa baya, da kuma yadda take saukowa, a tsaye ko a kwance. Alƙaluman kamfanin Trackman, mai ƙera na'urar auna bugu, sun nuna ƙwararrun gasar PGA ta Amurka na juya kan mai lamba 7 da gudun mil 90 a awa ko ɗan fiye, ƙwallon na jujjuyawa kusan sau 7,000 a minti, ta yi tafiyar yadi 170 da 'yan kai a sama, ta sauko a kusurwar digiri 50. Irin wannan ƙwallo tana faɗuwa ta yi tsalle ɗaya ta zauna. Matsakaicin ɗan wasa bai kai wannan gudu ba, dattawa da mata da yawa ma sun yi ƙasa da shi sosai. Idan aka ba mai raunin bugu fuskar digiri 28, jujjuyawa na raguwa, ƙwallon na zuwa a kwance, ta sauka a girin ta zarce ta baya. Ya sami nisan, amma ya rasa tsayawar, kuma sandar ƙarfe don tsayawa aka yi ta.

Matsalar tana fitowa a duka bakin jakar biyu. A sama, wato wajen dogayen sanduna, mai lamba 5 ta koma digiri 21 ko 22. Wishon yana da wata ƙa'ida da ya kira 24/38: yawancin masu wasa ba sa iya sarrafa sandar ƙarfen da kishingiɗarta ta gaza digiri 24 kuma tsawonta ya wuce inci 38. Shi ya sa za ka ga mutum da mai lamba 5, da 6, wani lokaci har da 7, duk suna sauka kusan wuri ɗaya. Sanduna uku, aikin guda. A ƙasa kuma, wej ɗin jerin yana 43, na fita yashi yana 56 kamar yadda yake tun dā, an bar giɓin digiri 13 a daidai tazarar da ake neman maki. Dole a sayi wej ɗaya ko biyu na cike giɓi, waɗanda galibi ba sa cikin kuɗin jerin.

Alamar cewa sukar ta isa kunnen masu ƙira ita ce abin da suka fara yi da kansu. Mizuno, Callaway da TaylorMade duk sun fito da nau'o'i masu tambarin HL, waɗanda aka mayar wa kishingiɗa domin masu raunin bugu. Ping kuma na barin mai saye ya zaɓi miƙaƙƙiyar fuska ko kishingiɗaɗɗiya a jeri ɗaya.

Masu cewa biled ce malama

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe a tsakanin wasu masu koyarwa da tsofaffin 'yan wasa: sandar da ke ɓoye kuskure tana hana mutum gyaruwa. Biled na gaya maka gaskiya nan take, ka kauce cibiya ka ji zafi a yatsunka, sannu a hankali hannu ya koyi neman tsakiya. Suna ƙarawa da cewa ƙaramin kai ya fi ratsa doguwar ciyawa, ya fi sauƙin lanƙwasa ƙwallo dama ko hagu da gangan, nisansa kuma ya fi tabbas ga mai samun cibiya. Akwai kuma ƙorafin cewa sanda mai siririyar fuska kan harba ƙwallo ta wuce tsammani jefi-jefi. Wannan yakan faru ne idan danshi ko ciyawa ta shiga tsakanin fuska da ƙwallo ta rage jujjuyawa, kuma sandar da jujjuyawarta dama kaɗan ce ba ta da rarar da za ta bayar.

Masu ɗaya ra'ayin na cewa wannan shawara ta dace da mai atisaye sau huɗu a mako, ba mai fitowa sau biyu a wata ba. Wanda ke son sanin inda yake samun ƙwallo na iya fesa hoda a fuskar sanda ko ya manna mata takarda ya gani da idonsa, ba sai an hukunta shi a katin maki ba. Suna kuma nuna jakar ƙwararru: da yawansu ba biled zalla suke riƙewa ba, sukan sa masu rarakakken baya ko masu holoƙon ciki a dogayen sanduna. A 2009, lokacin da Y.E. Yang na Koriya ta Kudu ya doke Tiger Woods a gasar PGA Championship, bugun da ya kai ƙwallo kusa da rami na ƙarshe da sanda ruwa-biyu ya yi shi, wadda ake kira haibirid, irin wadda aka ƙirƙiro don waɗanda doguwar sandar ƙarfe ta gagara.

Maki fa?

Matsakaicin handikaf na maza a Amurka ya sauka da kusan bugu biyu daga farkon shekarun 1990 zuwa yanzu. Ci gaba ne, amma ba za a ɗora shi a kan sandunan ƙarfe su kaɗai ba, domin a wannan tsakanin ne aka samu manyan sandunan bugun farko na titaniyam, da sabuwar ƙwallo irin Pro V1 da ta fito a 2000, da na'urorin auna tazara, da ingantacciyar kula da filaye.

Abin da ya fi ba masu yafiya ƙarfin hujja shi ne binciken Mark Broadie, farfesa a Jami'ar Columbia, wanda ya ƙirƙiro hanyar auna darajar kowane bugu da gasar PGA ke amfani da ita. Ya nuna cewa bugun kai ƙwallo girin shi ne kaso mafi girma na bambancin maki tsakanin 'yan wasa, wajen kashi 40 cikin 100, sama da bugun farko, sama da gangarawa cikin rami. Ƙwararre kan hau girin cikin adadin bugun da aka tsara a ramuka 12 cikin 18. Matsakaicin ɗan wasa ba ya kai rabin haka, kuma kuskurensa ya fi yawa ta gazawa, ba ta zarcewa ba. Tunda haɗarin fili, ruwa ne ko yashi, ya fi taruwa a gaban girin, duk sandar da ta rage gazawa ta taɓa inda ciwon yake. Abin da ya kamata a yi tsammani shi ne raguwar ramukan da ke lalata kati gaba ɗaya, ba mutum ya wayi gari ya zubar da bugu goma ba.

Wa ke amfana, wa zai yi hattara

Sabon shiga, da mai wasa jefi-jefi, da duk wanda tabon ƙwallo ya warwatsu a fuskar sandarsa daga dunduniya har yatsa, su ne suka fi cin moriya. Haka wanda har yanzu yake fama da biled ɗin gado. Amma wanda ke riƙe da masu yafiya na shekara biyar ko shida da suka wuce, bambancin da zai gani kaɗan ne, domin babban tsallen an yi shi tun daga biled zuwa rarakakken baya, abin da ya biyo baya ƙari ne a hankali.

Mai raunin bugu shi ya fi buƙatar lura. Yafiya na yi masa amfani, miƙaƙƙiyar fuska na cutar da shi, kuma sau da yawa a sanda ɗaya ake haɗa masa su. Ya fi masa ya nemi nau'in da aka mayar wa kishingiɗa, ya sa ƙota mara nauyi ta girafait, ya kuma fara jerinsa daga lamba 6 ko 7, ruwa-biyu su riƙe masa sama.

Shi ya sa awo ya fi sunan kamfani muhimmanci. Tsawon ƙota, nauyinta, da yadda tafi ke kwanciya a ƙasa duk suna sauya inda ƙwallo ke zuwa. Idan yatsan sanda ya ɗaga sama lokacin duka, ƙwallon mai bugu da hannun dama za ta karkata hagu ko da bugun ya yi kyau, kuma lanƙwasa wuyan sandar da digiri ɗaya ko biyu na iya gyara hakan. A wurin gwaji, tambayar farko ita ce digiri nawa ce wannan mai lamba 7, sannan a gwada ta da tsohuwar da ta yi daidai da ita a digiri, ba a lamba ba. Kada a goge munanan bugu daga allo, domin su aka zo dubawa: tazarar da ke tsakanin mafi kyau da mafi muni cikin goma ita ce ma'aunin yafiya. A duba kusurwar saukowa, wadda masu awo kan so ta kusanci digiri 45 a mai lamba 7. A kuma nemi buga mai lamba 5 da wej ɗin jerin, ko da mai shago bai miƙo su ba, a ga ko kowace sanda na barin tazarar yadi 10 zuwa 15 tsakaninta da mai bin ta.